Kwana Biyun da Malachi Mai Shela Ya Yi Shiru

Duk wanda ya zauna a Keffi cikin shekaru ashirin ɗin nan ya san muryar Malachi, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne mutumin nan da ke zama a bayan keke mai ƙafa uku, lasifika a ɗaure a rufi, yana zagaya unguwanni yana shela: za a yi wa yara rigakafi ranar kaza, an ɗage ranar tsaftar gari, wata yarinya ta ɓata a kasuwa sanye da jar riga. Gajere ne siriri, mai furfura a saje. In ka gan shi a tsaye ba za ka yarda daga wannan ƙirjin muryar ke fitowa ba.

A Agwada aka haife shi, gidan manoman doya da riɗi. Yana gama firamare karatu ya tsaya. Ya shigo Keffi yana saurayi, a shekarar da gwamnati ta tare a Abuja, lokacin da kowace safiya motoci ke kwasar magina da leburori zuwa can. Ya samu wuri a tasha yana kiran fasinja. A gabansa Masaka da Mararaba suka tashi daga ƙauyuka suka haɗe da juna, a gabansa hanya ta zama biyu, aka yi jiha, aka buɗe jami'a, gari ya cika da baƙi. A tashar ya tsinci yarukan Mada da Eggon da Gwandara, ya haɗa da Hausa da Turancin kasuwa. Wani ma'aikacin lafiya ne ya ji shi yana rarrashin wata tsohuwa da yarenta, ya ce masa ana neman mai irin wannan baki. Daga nan ya bar tasha.

Shi da kansa yake ba da labarin shekarar Ebola yana dariya. Da jita-jitar wanka da ruwan gishiri ta cika gari, shi ma ya yi wankan da safe, shi da iyalinsa, har da kurɓa. Kafin azahar aka kira shi sakateriya aka ba shi takarda, ya fita yana shela cewa ƙarya ce, kada kowa ya sha gishiri, alhali farin gishirin na nan a bayan kunnensa. "Ni bakin hukuma ne," in ji shi, "abin da aka sa mini shi nake faɗa."

Yana zaune a Sabon Gari, a wani gidan haya mai ɗaki tara da rijiya ɗaya, shi da matarsa Paulina mai sayar da kayan miya. Gidan na Malam Ɗayyabu ne, tela. Ɗakin farko in an shigo daga zaure na mahaifiyar Ɗayyabu ne, wadda kowa ke kira Iya Amarya. Tun ranar da aka kawo ta aure sunan ya bi ta, ga shi har ta haura saba'in. Ungozoma ce. Kusan duk yaran gidan, na Musulmi da na Kirista, ita ta yanke musu cibi, har da Lovelyn, babbar 'yar Malachi. Tana fama da ciwon suga da hawan jini, amma hakan bai hana ta leƙa kowane ɗaki kullum ta ga yadda aka kwana ba.

Da korona ta shigo, aikin Malachi ya ƙaru. An rufe makarantu, an hana taruwa a coci da masallaci, an sa shinge a hanyar Abuja. Ƙananan 'ya'yansa biyu ya tura su Agwada wurin kakarsu. Malama Nasiha, jami'ar da ke sa ido kan ɓarkewar cututtuka a ƙaramar hukuma, ita ke ba shi takarda kowace Litinin. A wanke hannu da sabulu. A sa takunkumi. A daina musabaha. Wanda ya ga zazzaɓi da tari da ƙuncin numfashi, musamman ga wanda ya dawo daga tafiya, ya kira wannan lamba. Ya maimaita lambar har yara suka mai da ita waƙa.

Mutane sun haddace komai. Malama Nasiha ta taɓa yawo da takardar tambayoyi gida-gida, ta dawo tana girgiza kai. "Baba Malachi, kowa ya ci jarrabawa," ta ce. "Har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san alamomin. In na gama rubutawa kuma sai ya miƙo mini hannu mu gaisa." Ana cewa ciwon manya ne masu hawa jirgi, zafin Keffi ba zai bar shi ya zauna ba. Shi ma Malachi takunkuminsa a haɓa yake wuni, don yana danne masa murya, in ya sauka kuma kwano ɗaya yake ci da mai kekensa.

Lovelyn tana da shekara ashirin da huɗu, tana aikin girki a gidan wani babban mutum a Abuja. Wata Talata a farkon watan Mayu, ana cikin azumi, sai ga ta da la'asar da jaka ɗaya, ƙafafunta duk laka. Ta hau acaɓa huɗu, ta taka ta bayan shingaye, kafin ta iso. Ta ce uwar ɗakinta ce ta sallami ma'aikata saboda kulle. Paulina ta rungume ta, matan gida suka fito ana ta maraba da mutanen Abuja.

Laraba ta tashi da zazzaɓi. Paulina ta sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. Iya Amarya ta shigo ta taɓa goshinta, ta zauna a bakin gado ta ɗan jima, ta ce gajiyar hanya ce da canjin ruwa.

Alhamis da rana Malachi ya dawo cin abinci. Paulina ta yi miyar kuka, ta zuba mata daddawa har ƙamshi ya kai zaure. Lovelyn ta kai loma biyu ta ajiye.

"Mama, kin manta gishiri ne?"

"Wane irin mantuwa? Ɗanɗana da kyau."

Ta ɗauki kwanon ta kai hanci, ta shaƙa, ta sake shaƙa. "Ba na jin komai," ta ce. "Ko ƙamshin daddawar ba na ji."

Malachi ya tsaya da loma a hannu. A takardar wannan satin Malama Nasiha ta ƙara layi ɗaya da biro a ƙasa: wasu sukan daina jin ƙamshi da ɗanɗano. Ya faɗi wannan layin da safiyar nan a unguwa shida, cikin yare huɗu.

Ya tashi ya tura ƙofa. "Lovelyn, dube ni. Me ya sa aka sallame ku?"

Ta sunkuyar da kai. Sai da ya sake tambaya ta fara kuka, kukan ya koma tari. Ta ce maigidan da take wa aiki ne ya kwanta ciwo sati guda, ita ke kai masa shayi ɗaki. Ranar Litinin wasu mutane masu fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka zo suka tafi da shi. Uwar gidan ta tara ma'aikata ta ce kowa ya kama gabansa kafin a dawo rubuta sunaye, kada kuma wanda ya buɗe baki.

"Sai na kira," Malachi ya ce. Ya sa hannu a aljihu.

Paulina ta riƙe hannun. "Ka kira wa?"

"Kin san lambar."

"Baban Lovelyn, rufa mana asiri. Wa ka ga an tafi da shi ya dawo? An ce in mutum ya mutu a can ko gawarsa ba a bayarwa. A leda ake sa shi. 'Yar tawa za a sa a leda?"

"Ba haka ba ne. Ana warkewa."

"Ka gani da idonka? Ko a takarda aka rubuta maka?"

Bai gani ba.

"Kuma ka yi tunanin gidan nan," ta ci gaba, ta rage murya. "In motar asibitin nan ta tsaya a ƙofa, wa zai sake sayen tumatir a hannuna? Malam Ɗayyabu zai bar mu mu kwana? Shekara ashirin da shida muna zaune lafiya. Yarinya ce, jininta da ƙarfi. Ka ba ni zuwa Lahadi. Zan rufe ta a ciki, ba mai shiga. In ba sauƙi, ni da kaina zan ce ka kira."

Lovelyn ta ce, "Baba, don Allah kada a tafi da ni."

Ya zare hannunsa daga aljihu, ba waya. Ya fita ya wanke hannu a bakin rijiya, ya daɗe yana cuɗa sabulu, matan da ke wanke-wanke suna tsokanarsa wai yau mai shela ya ji shelarsa.

Juma'a ya fita aiki. A bakin kasuwa keke ya tsaya, ya fara karantowa. Da ya zo kan lamba, wani mahauci mai suna Mijinyawa, abokin wasansa tun zamanin tasha, ya ɗaga wuƙa sama.

"Kai Malachi! Tsakaninka da Allah, wata biyu kana cika mana kunne. Ka taɓa ganin mutum ɗaya mai wannan ciwon? Ɗaya tak?"

Mutane suka juyo suna jiran irin amsar da ya saba bayarwa, wadda za a yi dariya. Ya buɗe baki, lasifika ta yi ƙara, bai ce komai ba. Gumi ya jiƙa masa takardar. Daga baya ya ce wa mai keke su wuce, aka bi su da shewa. A unguwa ta gaba ya karanta komai, amma da ya zo kan lambar sai ya faɗe ta sau ɗaya maimakon uku. Kafin la'asar ya ce kansa na ciwo, a mai da shi gida.

Tun daga zaure ya ji warin dafaffen ganyen darbejiya da na mangwaro. Ɗakin Iya Amarya a buɗe, ba kowa. Ya ƙarasa nasu da sauri.

Tana ciki. Ta zaunar da Lovelyn a kan kujera 'yar tsugunno, tukunyar sirace a gabanta, ta lulluɓe ta da bargo, ita ma ta cusa kanta ciki tana riƙe da kafaɗunta tana cewa, "Shaƙa, 'yar nan, shaƙa sosai." Lovelyn na tari a cikin bargon. Paulina na tsaye a jikin bango, hannu biyu a ka. Da suka haɗa ido ta motsa baki ba sauti: na hana ta, ta ƙi.

"Iya, fito," ya ce. "Don girman Allah fito."

Ta yaye bargon, fuskarta sharkaf da gumi. "Lafiya? Kwana biyu ina jin tarin yarinyar nan ta bango, uwarta na ce mini barci take yi. Ni za a ɓoye wa mara lafiya a gidan nan?"

"Kina azumi, Iya. Ga ciwonki. Zafin nan ba zai yi miki kyau ba."

"Azumina ya dame ka? Da hannun nan na karɓe ta ranar da ta faɗo duniya, kana waje kana rawar jiki kamar yau. Matsa ka ba ni wuri."

A nan ya kamata ya faɗa. Shi ma ya sani, har yau in yana ba da labarin a nan yake tsayawa. Maganar ta zo masa har baki. Ya dubi Paulina, ya dubi ƙofar da ke buɗe da matan da ke tsakar gida, sai ya ce, "To, ki gama da wuri." Iya ta ƙara kusan rabin awa a ɗakin. Da za ta fita ta goge wa Lovelyn fuska da gefen mayafinta, ta mai da shi kafaɗa.

Asabar da hantsi Lovelyn ta tashi za ta zagaya, taku biyar ta durƙusa. Numfashinta ya koma gajere, tana jan sa kamar wadda ta yi gudu. Paulina ta ɗago ta, ta dubi mijinta. Ya fita bayan gida wajen bishiyar mangwaro ya buga lambar da ya yi wata biyu yana shelarta. Sau uku tana kan aiki. Sai ya kira Malama Nasiha.

Ta saurara har ya gama. "Yaushe ta zo?"

"Talata."

"Yaushe ka san labarin maigidan da take wa aiki?"

Ya mai da wayar ɗaya kunnen.

"Baba Malachi, ba faɗa zan yi maka ba, rubutawa nake yi. Yaushe?"

"Alhamis."

Ya ji ta sauke numfashi. "Su wa suka shiga ɗakin?"

"Ni da uwarta. Da Iya Amarya."

"Shekarunta nawa?"

"Ta wuce saba'in. Tana da suga."

"Inna lillahi. To, ka ji ni. Ka rufe ƙofar gidan, kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo. Muna zuwa."

Motar ta iso bayan azahar. Kafin masu fararen kayan su gama saukowa layin ya cika, wasu a kan katanga, wasu suna ɗauka da waya, kusan ba mai takunkumi. Aka fito da Lovelyn a kan gadon ɗauka. Paulina ta bi su har zaure tana kiran sunanta, aka tare ta. Wani daga cikin taron ya ɗaga murya: "Ashe a gidan mai shelar take!"

Malam Ɗayyabu ya taso daga shago da tef ɗin awo a wuya. Malama Nasiha ta tsayar da shi a ƙofa ta yi masa bayani: za a ɗauki samfurin duk mutanen gidan, za a zauna a ciki sati biyu, shi ma tunda nan yake kwana sai ya shiga. Ya shiga. A tsakar gida ya tarar da Malachi a tsaye, 'yan haya sun ja baya sun bar shi shi kaɗai.

"Baban Lovelyn, tambaya ɗaya zan yi maka. Jiya da Iya ta shiga ɗakinku, ka sani ko ba ka sani ba?"

Paulina ta yi saurin cewa, "Malam, wallahi ni ce na..."

"Ba da ke nake ba."

"Na sani," Malachi ya ce. "Tun Alhamis."

Ɗayyabu ya matso har suna jin numfashin juna, sannan ya tuna, ya ja da baya. "Kai ne fa kake tashinmu kullum da safe. Kai ka koya wa 'ya'yana lambar nan. Ka tsaya kana kallo uwata ta sa kanta cikin bargo ɗaya da ita?"

Iya Amarya ta leƙo daga ɗakinta. "Ɗayyabu, bar shi. Ko ya faɗa mini sai na shiga."

"Da bai faɗa miki ba, Iya, da ni ya faɗa wa. Da na kulle ki da kwaɗo." Ya juya ga Malachi. "Ka yi addu'a a cocinku kada wani abu ya same ta." Ya shige ɗakinsa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi tsawo. Mutum talatin da ɗaya a gida ɗaya, rijiya ɗaya, bayan gida biyu. Masu talla suka daina biyowa ta layin. Abinci sai dangi sun kawo sun ajiye a bakin ƙofa sun ja baya. Malachi ya huda wani bokiti ya sa masa famfo, ya ajiye da sabulu a bakin rijiya, ya shata layi da gawayi inda kowane ɗaki zai tsaya. Ba mai yi masa magana, amma kowa ya bi layin, har yara. In shi ko Paulina suka fito, tsakar gida sai ta watse.

Laraba sakamako ya fito. Lovelyn tana da cutar, an sa mata iskar taimakon numfashi, amma tana cin abinci. Paulina ma tana da ita, ko da yake ko atishawa ba ta yi. Malachi ba shi da ita. Na Iya Amarya ma ya nuna babu, gida ya ɗauki hamdala, har wata maƙwabciya ta yi guɗa. Malama Nasiha ta ce a waya kada a yi saurin murna, wataƙila an ɗauki nata da wuri. Aka zo aka tafi da Paulina, Malachi ya rage shi kaɗai a ɗaki.

Juma'a da safe ya ji tari daga ɗakin farko. Ya tsaya da bokiti a hannu yana saurare. Aka sake yi, busasshe, irin wanda ya sani.

Iya Amarya ta ƙi yarda. Ta ce mura ce, ta ce azumi saura kwana kaɗan ba za ta karya ba, ta ce ba inda za ta je a mutu a hannun baƙi. Ɗayyabu ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya yi kuka, ta juya masa baya. Washegari zazzaɓi ya rufe ta, ta fara kiran sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Motar ta zo ta tsaya a waje, ma'aikatan suka ce ba za su ɗauke ta da ƙarfi ba.

Malachi ya zo ya tsaya a bayan tagarta, takunkumi a fuska, ya durƙusa don bakinsa ya zo daidai.

"Iya, ni ne."

"Na ji ka. Kai ma korata za ka yi?"

"Na yi magana da Lovelyn yanzu. An cire mata iskar. Ta ce gadon da ke kusa da nata ba kowa. Ta ce in kin zo ita za ta riƙa ba ki ruwa."

Sai tari.

"Iya, na yi miki laifi. Ranar nan na ga kin shiga na kasa buɗe baki. Kada ki bari in ƙara wani a kai. Ki tashi ki je."

"Yarinyar tana cin abinci?"

"Tana ci."

"Wa ke dafa musu?"

"Ban sani ba, Iya."

Sannan ta kira ɗanta. "Ɗayyabu, miƙo mini carbina da mayafin nan mai ruwan ƙasa." Da ƙafarta ta fita, ma'aikata biyu na riƙe da ita. A zaure ta tsaya ta ce wa matar Ɗayyabu ta kula da kajinta.

Kwana shida ta yi a can. Kullum Lovelyn na bugo waya, Malachi ya tsaya daga nesa a ƙofar Ɗayyabu ya maimaita abin da ta ce: yau ta sha kunu, yau sugan ya hau, yau ba ta gane mutane. Ɗayyabu yakan saurara daga bayan labule, ba ya amsawa. Ranar Juma'a, saura kwana biyu Salla, da misalin ƙarfe goma na safe, wayar Ɗayyabu ce ta yi ƙara, ba ta Malachi ba. Salatin da ya ji daga ɗakin ya ishe shi bayani. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

Ma'aikata ne suka yi mata sutura. An bar mutum kaɗan daga dangi suka yi mata salla daga nesa. Ɗayyabu bai samu zuwa ba, don kwanakin killacewar gidan sun sake sabon lissafi tun ranar da ta kwanta.

Amma labari ya zaga gari. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa ba za ta tafi shiru ba. Kafin la'asar mutane suka fara taruwa a ƙofar gida, mata da mayafai, tsofaffi, 'yan coci da 'yan masallaci, ana shimfiɗa tabarmi, wasu na tura ƙofar zaure suna cewa sai sun shiga sun yi gaisuwa. Ɗayyabu ya yi magana ta bayan ƙofa, hayaniya ta shanye muryarsa.

Ya juyo ya nufi ɗakin Malachi. Rabon da ya yi masa magana tun ranar da aka ɗauki Lovelyn. Idanunsa jajir.

"Lasifikar taka tana nan?"

"Tana nan, Malam."

"Ɗauko. Ka ce su tafi. Kada a sake ɗaukar wani daga ƙofar nan."

Malachi ya jingina tsani ya hau katangar zaure. Da aka gan shi sai guna-guni ya tashi, wani ya ce, "Kai ne za ka yi mana wa'azi?" Ya bari suka lafa. Babu takarda a hannunsa.

"Jama'a, Allah ya yi wa Iya Amarya rasuwa. Malam Ɗayyabu ya gode, ya ce kowa ya yi mata addu'a a gidansa. Ciwon nan ne. A ɗakina ta ɗauka. 'Yata ce ta zo da shi, na sani, na ɓoye kwana biyu saboda tsoro da kunya. Wanda ke tambaya ko na taɓa gani da idona, to na gani. Ku naɗe tabarmin nan ku tafi, don Allah. Wanda ke da mai tari a gida kada ya yi irin tawa."

Ya sake faɗa da Mada, ya sake da Eggon, ya sake da Gwandara. A na ƙarshen muryarsa ta karye, ya ƙarasa a haka. Ba kowa ne ya tafi ba. Wasu tsofaffi sun zauna har magariba, amma an daina tura ƙofa, kuma yawanci sun watse.

Lovelyn da Paulina sun dawo bayan Salla da sati guda, da takardar sallama a hannu. Malama Nasiha ta ce masa ba wanda zai iya sanin ranar da tsohuwar ta ɗauka, tunda ta shiga ɗakin tun Laraba, kafin shi ya san komai. Ya ce ya gode, amma bai taɓa kawo wannan maganar a gaban Ɗayyabu ba. A cikin satin nan, in ji ta, mutum bakwai daga Sabon Gari suka kira da kansu, biyu an same su da ita. A kasuwa kuwa kafin damina ta yi nisa takunkumi ya koma haɓa, musabaha ta dawo.

Ɗayyabu bai ce su tashi ba. Su ne suka ga ba za su iya wucewa ta ƙofar ɗakin nan kullum ba, suka nemi wani gida a bayan tasha kafin ƙarshen shekara. Paulina ta yi wata huɗu kafin masu sayen kayan miyarta su dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Lovelyn ta zauna shekara guda a gida, aiki bai samu ba, ta sake komawa Abuja, yanzu a wani gidan abinci take.

Malachi na nan yana shela, ko da yake muryar ta fara dushewa, yakan tsaya ya kurɓi ruwa tsakanin yare da yare. In kekensa ya biyo ta gaban shagon Ɗayyabu yakan sa a kashe lasifika, ya sauko ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Ɗayyabu yakan amsa, ya tambayi iyali, ƙafarsa na kan keken ɗinki bai daina takawa ba. Bara da matarsa ta haihu, a asibiti, ya aika wa Paulina goron suna. Ta je, ta yi barka, ba ta daɗe ba ta dawo.